Idan Makarantar Renon da ke Kusa da Ku ta Coci Ce

Da wuya iyali su sauka Ingila da ƙaramin yaro ba su ci karo da wannan ba: an samu gida, an shiga neman makarantar reno, sai a tarar wadda ke bakin layi sunan wani waliyyin Kirista gare ta, ga gicciye a allon ƙofa. Musulmin cikinmu gabansu ya faɗi, Kiristocinmu kuma su ɗauka sun samu irin makarantar mishan ta gida, ta hadda da jarrabawa. Duka biyun ba haka abin yake ba. Cocin Ingila ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamaren ƙasar, ban da na Katolika, kuma akasarinsu da kuɗin gwamnati suke tafiya. A wasu unguwannin Bradford da Birmingham ma, 'ya'yan Musulmi ne suka fi yawa a irin waɗannan makarantu.

Abin da ya kamata ku fara riƙewa shi ne, coci ba ita ke yanke abin da yaro zai koya ba. Tun 2008 akwai tsarin gwamnati guda, EYFS, wanda ya hau kan duk mai rajistar kula da yara daga haihuwa zuwa shekara 5, ko coci ce ta kafa wurin, ko masallaci, ko ɗan kasuwa. Hukumar Ofsted ke sa ido, kuma rahotonta kan kowace makaranta na nan a intanet, kyauta.

Tsarin ya kasa koyo gida bakwai, amma uku ya sa a gaba: magana da sauraro, ƙwarin jiki, da iya zama da mutane tare da mallakar kai. Karatu da rubutu, lissafi, sanin duniya, da zane da waƙa, duk a bayansu suke. A nan ne iyayenmu suka fi tuntuɓe. Mun saba ɗan shekara uku ya dawo da jaka cike da aikin gida, yana rera ɗaya zuwa ɗari. A nan kuwa zai dawo da fenti a riga da yashi a takalmi, ku tambaye shi me ya yi yau, ya ce wasa. Ku kwantar da hankalinku. Malamar da ta bar shi yana yanka takarda da almakashi, yatsunsa take shiryawa don riƙe fensir. Wadda ta sa shi jiran layin lilo, haƙuri take koya masa, kuma rubuce yake a cikin manufofin tsarin.

Manufofin 17 ne, ana auna su a ƙarshen ajin share fage da suke kira Reception, wanda yaro ke shiga a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4. A lissafi, ana so ya fahimci lambobi har 10 da kyau, ya kalli duwatsu biyar ya ce biyar ne ba tare da ya ƙirga ba, ya kuma iya ƙirga da baki ya wuce 20. A karatu, sautin harafi ake koya masa kafin sunansa, don haka idan kun dage da "e, bi, si" a gida kuna iya rikita shi. Ku roƙi malama ta nuna muku yadda suke furtawa. Sai kuma abin da muke rainawa: ya sa rigar sanyinsa da kansa, ya je bayi shi kaɗai, ya ci abinci da cokali. Yaron da ya saba da buta, ku gaya wa malamarsa tun ranar farko. Kowane yaro ana ba shi ma'aikaciya guda da ke da alhakinsa, ita ce abokiyar shawararku.

Don Allah kada ku daina yi masa Hausa wai don ya kama Turanci. Tsarin da kansa ya yarda a ba yaro damar amfani da harshen gidansu a wasa da koyo. Turanci zai zo, har ya fi ƙarfinku. Hausar ce ke gudu. Tatsuniya da daddare, hira a kicin, aike a cikin gida, duk suna gina maganar da ake aunawa.

To, ina addini ya shigo? A addu'a kafin cin abinci, labaran Littafi Mai Tsarki irin na jirgin Nuhu, bikin godiyar kaka, Ista, da wasan haihuwar Yesu a watan Disamba, inda za a iya ba ɗanku rawar makiyayi ko tauraro. Wani lokaci limamin cocin unguwa kan leƙo. Yawan wannan ya bambanta ƙwarai daga makaranta zuwa makaranta. A makarantun da gwamnati ke biya, doka ta ba iyaye ikon cire yaro daga taron ibada da darasin addini, ba sai sun kawo dalili ba. Shawarata, ku nemi halartar taron sau ɗaya kafin ku yanke. Wasu iyaye sukan bar yaro a labarai su cire shi daga addu'a, kuma shugabannin makarantu sun saba da irin wannan roƙo. Iyaye Kirista kuma, kada ku sakar wa makaranta tarbiyyar addini gaba ɗaya. Abin da ake yi a can bai kai rabin na makarantar Lahadi ta gida ba. Maganar abinci a fam ɗin rajista ake rubutawa: naman alade, halal, da alewar da ke da jelatin, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba.

Kowane ɗan shekara 3 da 4 na da awa 15 kyauta a mako, mako 38 a shekara, kowace irin biza iyayensa ke riƙe da ita. Ƙarin zuwa awa 30 na iyaye masu aiki ne, kuma yana da sharuɗɗan da ke hana yawancin masu bizar da ta haramta cin kuɗin tallafi. Wales da Scotland tsarinsu daban.

Zaman yaro a ajin reno na makaranta ba ya ba shi gurbi a Reception ɗinta. Dole ku cike takardar nema ta ƙaramar hukuma kafin 15 ga Janairu, sakamako ya fito 16 ga Afrilu. Wasu makarantun coci, musamman na Katolika, kan fifita masu takardar baftisma ko shaidar zuwa coci idan masu nema sun yi yawa, don haka ku karanta sharuɗɗan, kuma ku cike duk guraben zaɓin da aka ba ku, kada ku tsaya a ɗaya.