Masu ciwon suga, ku riƙa duba dasashinku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan kuna ganin jini a jikin buroshi ko asuwaki, kada ku ce ai ƙarfin gugar ne ya yi yawa.

Suga idan ya hau, garkuwar jiki takan yi rauni, yawu ya ragu, baki ya bushe, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a gindin haƙori. Dasashi ya kumbura, baki ya fara wari, a hankali haƙori ya soma girgiɗa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cutar dasashin ita ma tana ramawa. Kumburin da ya daɗe yakan hana insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yin aikinsa yadda ya kamata, sai ka ga mutum yana shan magani, ya bar shayi mai zaƙi, amma awon ya ƙi sauka. An gano cewa maganin cutar dasashi a wurin likitan haƙori yakan rage sakamakon HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, da kusan maki 0.4 cikin wata 3 zuwa 4. Ba kaɗan ba ne wannan.

A goge baki sau 2 a rana da buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, na dare ya fi muhimmanci. Jini ba dalilin daina gogewa ba ne. A je wurin likitan haƙori duk wata 6, a gaya masa akwai suga, kuma a ci abinci kafin a tafi don kada sugan ya faɗi. Masu shan taba kuwa, naku ya fi saurin lalacewa, har jinin ma taba takan ɓoye shi.