Jimlar Kicin Da Za Ta Buɗe Maka Holanci

Duk wanda ya sauka a Holan ya kama ɗaki a gidan haya na tarayya, yawanci karatunsa na farko yana manne a jikin firij: jadawalin shara da goge-goge, wanda suke kira schoonmaakrooster. Sunanka na ciki ko ka iya karantawa ko ba ka iya ba. To, ɗan'uwa, daga nan za mu fara.

Riƙe wannan jimlar: "Ik ruim de keuken op", wato ina gyara kicin. Aikatau ɗin a ƙamus opruimen ne, kalma ɗaya, amma a cikin magana sai ya rabu biyu. Ruim ya zauna a gurbi na biyu, op kuma ya koma can wutsiya. Aikin gida da yawa haka yake: afwassen, wanke-wanke; aanzetten, kunnawa; uitzetten, kashewa. Saboda haka kada ka yi gaggawar amsawa kafin mutum ya kai aya. Sanyina na farko a ƙasar, abokin zamana ya ce "Zet je de verwarming even uit?" Ni kuwa zet da verwarming kawai kunnena ya kama, na je na ƙara wa na'urar ɗumama ɗaki wuta, alhali kashewa ya ce. Wannan 'yar uit ɗin ta ƙarshe ita ce maganar gaba ɗaya.

Yanzu sa lokaci a gaba. Mu sai mu ce "yau da dare zan gyara kicin", ba mu motsa komai ba. Su kuwa aikatau ba ya barin gurbinsa na biyu, don haka ik, wato ni, ne zai ja baya: "Vanavond ruim ik de keuken op." In ka ce "Vanavond ik ruim", za a gane ka, amma a jarrabawa kuskure ne. Da zarar omdat, wato saboda, ta shigo, sai guntayen biyu su sake haɗewa su tafi ƙarshe: "Ik kom later, omdat ik de keuken opruim." Da moet, wato dole, ma a haɗe yake: "Ik moet de keuken opruimen."

Batun de da het kuwa, 'yan kalmomin da ake sa wa a gaban suna kamar "the" na Turanci, kada ka nemi namiji da tamata irin namu. De keuken, kicin; het huis, gida. Haddace kowane suna da nasa. Sauƙin da ke ciki shi ne jam'i duka de ne, kalmar da aka ƙanƙantar da -je kuma het.

Tun 1 ga Janairun 2022, dokar inburgering, wato ta karatun harshe da zaman ƙasa ga baƙi, ta sa matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe, ne ake so a babbar hanyar karatun, cikin shekara 3. Ka tambayi ɗakin karatu na unguwarku ko suna da taalcafé, inda ake zama a yi hira da Holanci. In maƙwabci ya ji ka yi tuntuɓe ya juya maka Turanci, wanda kusan dukansu suna yi, ce masa "Ik wil Nederlands oefenen", ina son in gwada bakina.