Yadda ake haɗa ruwan zinare mai sauya launi idan ya gamu da dalma

Ɗalibina, idan kana son ganin yadda ƙananan ƙwayoyin sinadari ke jera kansu da kansu har su gane wani ƙarfe a cikin ruwa, wannan gwajin nake so ka fara yi. Kayansa ba su da yawa, kuma idonka ne zai fara ba ka amsa kafin kowace na'ura. Na zaɓi dalma ne saboda abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara sama da 400.

Fara da wanki, domin a nan yawancin masu gwajin ke faɗuwa. Ka wanke kofunan gilas da haɗin asid mai narkar da zinare, wato kashi 3 na asid ɗin HCl da kashi 1 na asid ɗin HNO3, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, malaminka na tsaye. Kada ka taɓa toshe kwalbar wannan haɗin, yana fitar da iska. Ka ɗauraye sosai da ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Ruwan famfo ko na leda ba shi da wuri a wannan aiki.

Hanyar dahuwar ta wani masanin kimiyya ce mai suna Turkevich, tun 1951. Zuba mililita 100 na gishirin zinare, HAuCl4, mai ƙarfin milimola 1 a lita (milimola ma'aunin yawan sinadari ne), ka ɗora a wuta kana damawa har ya tafasa. Sai ka juye mililita 10 na sodiyam sitiret mai ƙarfin milimola 38.8 a lita, gaba ɗaya lokaci guda, ba ɗigo-ɗigo ba. Ruwan ɗorawan zai washe, ya yi duhu, sannan ya koma ja kamar zoɓo. Bar shi a wuta minti 10 zuwa 15, ka sauke ya huce. Abin da ke cikin kofin yanzu ƙwayoyin zinare ne masu faɗin kusan nanomita 13, kuma nanomita ɗaya shi ne milimita da aka raba gida miliyan. Jan launin nan daga ƙanƙantarsu yake: suna shanye haske kore, mai tsawon zango wajen nanomita 520. Idan ya fito shuɗi ko ruwan toka, zubar ka koma wanki.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi burge ni. Akwai sinadarin da ake kira MUA, siriri ne mai jerin ƙwayoyin kabon 11. Ɗaya bakinsa salfa ne, wanda ke manne wa zinare da ƙarfi. Ɗaya bakin kuma asid ne mai kama ƙarfe. Ka ɗaga pH na ruwan zinaren, wato ma'aunin tsaminsa, zuwa wajen 9 da ɗan NaOH, sinadari mai kashe tsami, ka narkar da MUA a cikin itanol, ka ɗiga kaɗan-kaɗan kana damawa, ka rufe ya kwana. Ba kai za ka jera su ba. Kowane ɗaya zai kafa salfansa a jikin zinaren, ya ture sitiret, ya miƙe kusa da ɗan'uwansa, har su lulluɓe ƙwayar da shimfiɗa mai kaurin MUA ɗaya tak. Masana kimiyya Nuzzo da Allara ne suka bayyana irin wannan jeri a kan zinare a 1983. Aikinka kawai ka gyara musu yanayi. Idan ka manta da pH, bakin asid ɗin zai rasa cajinsa, ƙwayoyin su dunƙule tun ba a kawo dalma ba. Washegari ka juya a na'urar sentirifuj, mai wulwula ruwa da sauri har ƙwayoyin su kwanta, ka tsiyaye ruwan sama, ka sake narkar da jan da ya kwanta.

Gwajin kansa gajere ne. Jera kwalabe uku, kowace da jan ruwan zinaren a ciki: ta farko ka sa mata tataccen ruwa, ita ce shaidarka, ta biyu ruwan dalma da ka san ƙarfinsa, ta uku ruwan da kake bincike. Dalma na kama bakin asid na ƙwaya biyu a lokaci guda, sai ta janyo su wuri ɗaya, kuma da zarar sun matso, ja ya koma shuɗi. Ɗiga EDTA, sinadarin da ya fi MUA riƙe dalma: idan jan ya fara dawowa, ƙarfe ne ya haɗa su. Gishirin miya ma yana mayar da ruwan shuɗi, shi ya sa ba na yarda da sakamakon da babu kwalbar shaida a gefensa.

Abu ɗaya nake roƙonka. MUA ba dalma kaɗai yake kamawa ba, yana kama kadmiyam da makuri, ruwan rijiya mai yawan kalsiyam ma na iya ruɗa shi. Sannan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha maikurogiram 10 ne a lita, ƙasa sosai da abin da ido zai gani a wannan gwaji. Saboda haka, ko kwalbarka ta tsaya ja, kada ka ce wa kowa ruwansa lafiya lau ne. Ka kai samfurin ɗakin gwaji mai na'urar auna ƙarafa. Ragowar ruwan dalmar kuwa ka tara a kwalba mai alama, kada ya shiga magudana.