Ka tsinci tsohuwar kwamfuta mai rubutun Larabci? Ga yadda zaka gane Sakhr MSX ka tada ita

Idan ana kwashe kayan ɗakin ajiya a gidan tsoho, ko ka bi ta wajen 'yan jari-bola, sai idonka ya faɗa kan wani abu kamar kibod amma mai kauri da nauyi, kowane maɓalli da harafin boko da na Larabci a kansa, ga wani rami mai murfi a sama kamar bakin akwatin zaɓe, toh dan Allah kar ka bari a ɗora shi a sikeli. Wannan ba kibod bane, kwamfuta ce sukutum, kuma akwai yiwuwar Sakhr ce. Irinta in ka gani a wajenmu yawanci ta hannun wanda ya zauna Saudiyya ko ya yi karatu a Masar ko Sudan ta shigo, ko tsaraba aka yo wa yara a shekarun 1980, don a can ne ta yi tashe.

Abu na farko, kuma shi ne wanda mutane basa iya haƙuri a kai: kar ka jona ta a wuta. Na san hannu yana ƙaiƙayi, amma na'urar da ta yi shekara talatin da wani abu a kwance ba'a tashinta da soket. Sai ka san wace ce tukuna.

Ka juya ta ka duba gindinta da bayanta. Kana neman abu uku, tambarin MSX, lambar samfuri da ta fara da AX, da kuma takardar da aka rubuta ƙarfin wuta. Shi MSX ba sunan kamfani bane, tsari ne da Microsoft da kamfanin ASCII na Japan suka fitar a 1983 don kamfanoni daban-daban su ƙera kwamfutocin da katirij ɗin wannan, wato ɗan akwatin wasa ko manhaja da ake cusawa a ramin nan na sama, zai yi aiki a waccan, shi yasa zaka ga Sony da Panasonic da Toshiba da Philips duk sun yi nasu. Kamfanin Al Alamiah na Kuwait, na Mohammed Al-Sharekh, shi ya ɗauki wannan tsarin ya sa masa Larabci ya kira shi Sakhr, amma ƙirar injin a hannun 'yan Japan take. AX-170, wadda ita aka fi cin karo da ita, Sanyo ce ta ƙera. AX-150 da AX-350 da AX-500 na Yamaha ne, AX-370 kuma Sanyo. Wannan ba ilimin burga bane, amfaninsa shi ne ranar da kake neman zanen waya ko wani sashe da ya lalace, sau da yawa da sunan asalin maƙerin zaka samu, ba da sunan Sakhr ba.

Sai ka gane ajinta. Wadda bata da wajen saka fulofi, wato faifan ajiya na da, irin AX-170, MSX ta farko ce, cif ɗin Z80 ne ƙwaƙwalwar injin mai gudun 3.58 MHz, RAM 64K, ƙwaƙwalwar hoto 16K, sauti layi uku. Masu fulofi a jiki irin AX-350 da AX-370 su MSX2 ne, hotonsu ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma gyaransu ya fi cin rai. Akwai kuma tarko guda biyu. Spectravideo SV-318 da SV-328 sun yi kama da MSX sosai, har cikinsu ma kusan ɗaya, amma ba MSX bane, katirij ɗin MSX baya yi a kansu, sai SVI-728 da 738 ne na gaske. Sannan ba duk mai harafin Larabci ce Sakhr ba, akwai wadda ake kira Perfect, ita ƙirar Daewoo ce ta Koriya. In babu tambarin MSX a jiki ka dakata da komai har ka tabbatar.

Yanzu maganar wuta, nan ne ake kashe yawancinsu cikin sakan ɗaya. Mu wutarmu 230 ce. Wadda aka yi don kasuwar Japan 100 take sha, ita kuma Saudiyya ta daɗe tana da gidaje masu 127 da masu 220, saboda haka kayan da suka fito daga can zaka samu wasu da ɗan maɓallin sauya wuta a baya. Ka karanta takardar da idonka, in akwai maɓallin ka tabbatar yana kan 220 ko 240, in 100 ko 110 aka rubuta sai da transifoma mai rage wuta. Idan kuma irin mai adafta a waje ce kuma adaftan ya ɓata, kar ka ɗauko na laftof don kawai bakinsa ya shiga, shigar baki ba ita ce dacewa ba. Kuma ranar gwaji ba ranar ƙaramin janareta bane, ka samu inbata ko sitabilaiza.

Kafin wutar ma sai an buɗe. Ka ɗau hoto da waya kafin ka cire komai, kowace waya da inda ta shiga, sukurori kuma ka jera su yadda ka ciro don tsawonsu ba ɗaya ba, dogo in ya shiga ramin gajere sai ya fasa robar ko ya taɓa bod. Robar nan ta tsufa ta bushe, ƙananan haƙoran da ke riƙe murfin karyewa suke kamar busasshen kara, a hankali zaka bi su, ba da ƙarfin sukundireba ba. Ka ɗaga murfin kaɗan ka leƙa tukuna, akwai siririyar waya mai faɗi da ta haɗa kibod da bod, in ka fizge ta ka jawo wa kanka aikin da ya fi wanda ka tarar.

Abin da zaka tarar a ciki kam, ƙurar hunturu ce ta shekaru, kashin kyankyaso, wani lokacin har gidan zanzaro. Busasshen buroshin fenti mai laushi ya ishe ka ka kaɗe, sannan ka bi da sifirit, wanda ake kira isofurofil ya fi don baya barin komai, da tsohon buroshin haƙori. Ban da ruwa a kan bod, ban da fetur, ban da kalanzir, na san wasu masu gyara suna wanke bod da fetur amma yana cin roba yana goge rubutu. Shi murfin roba da maɓallan in ka cire su daban, ruwa da sabulu ne nasu, ka bari su bushe sarai.

Bayan ta yi fes sai ka zauna da tocila ka bi ta sannu a hankali, nan ne ainihin aikin yake. Ka fara da kafasitoci, waɗannan masu kama da ƙananan gwangwani. Wanda kansa ya kumbura, ko ka ga wani jiƙe-jiƙe ko kore-kore a ƙafarsa, ya gama aiki. A canza shi da mai adadin uF iri ɗaya, boltej ɗinsa daidai ko sama, kuma a kula da ƙafar da ke da alamar ragi don in aka juya shi fashewa yake. A kusa da inda wayar wuta ta shigo wasu injinan suna da wani kafasita mai kusurwa huɗu mai ruwan zuma, in ka ga jikinsa ya tsattsage ka cire shi tun kafin ya cika maka ɗaki da hayaƙi mai wari. Ni ra'ayina, ba dole bane a bi kafasitoci duka a canza don kawai ana cewa a yi, kayan Japan na wancan lokacin da yawa har yau lafiyarsu ƙalau, kuma duk inda ayan, ƙarfen narka dalma, ya taɓa a tsohon bod akwai haɗarin layin tagulla ya ɗago. Na sashen wuta da duk wanda ya nuna alama, su zaka canza. In kuma baka taɓa riƙe ayan da dalma ba, ka kai wa dattijon mai gyaran rediyo da talabijin, ba yaron da ke gyaran waya ba, shi dattijon irin kayan da ya tashi a ciki kenan.

Masu MSX2 ku nemi batirin agogo. In irin wanda aka manne a bod ne kuma ya yi tsatsa ko farin gari, a yanke shi yau ɗin nan, ruwansa cin layukan bod yake. A goge wajen da ɗan ruwan binega sannan a bi da sifirit. Injin zai tashi ba batiri, iyaka dai ya manta kwanan wata da saitin allo.

Gwajin farko a yi shi da dabarar kwan fitila, wadda masu gyaran rediyo suka sani, a sa kwai irin na da mai zare, kamar wat 40 ko 60, a jere da wayar wuta, yadda sai wutar ta bi ta cikinsa kafin ta kai injin. In ka kunna kwan ya yi haske ya dushe, alhamdulillahi. In ya tsaya da haske sosai akwai shot a ciki, kashe. Sai mita, ka auna layin 5V, ya kasance tsakanin 4.75 da 5.25, a ramin katirij kuma akwai 12 da ragin 12. In biyar ɗin ta haura, kashe nan take ka duba regileta, yawanci 7805 ne manne da ƙarfen sanyaya. Ka kiyayi ɓangaren da wutar gida ke shiga, yana iya kashe mutum, ba wasa nake ba.

Hoto kuma, in akwai bakin bidiyo irin na wayar DVD mai ruwan ɗorawa ka yi amfani da shi ka manta da na eriya. Tsohuwar talabijin mai ƙugu ta fi dacewa da ita, sababbin masu faɗi wasu sukan ƙi nuna komai ko hoton ya dinga rawa, sai ka zaci injin ne alhali talabijin ce. Saboda haka baƙin allo ba hukuncin mutuwa bane. Danna maɓallin CAPS ka ga ko 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, in tana yi toh ƙwaƙwalwar injin tana raye, matsalar tana hanyar hoto. In hoto ya fito amma haruffa a hargitse ko layuka a tsaye, yawanci ƙwaƙwalwar hoto ce, wasu MSX na farko suna da ƙananan cif guda takwas masu lamba 4116 da suka yi suna wajen mutuwa, wanda ya fi sauran zafi in ka taɓa shi ne abin zargi. Wani lokacin ma ba komai bane illa cif da ya saki a soket ɗinsa, a danna shi ya zauna shikenan.

Ranar da shuɗin allon BASIC, yaren da ake rubuta wa injin umarni da shi, ya bayyana da Ok a ƙasa, ka rubuta PRINT PEEK(&H2D) ka danna RETURN. In ta ba ka 0 MSX ta farko ce, 1 kuma MSX2, kaga ko takardar gindi ta goge injin da kansa ya faɗa maka ajinsa. Sai PLAY "CDEFGAB" ka ji ko sauti na fita. Sannan ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. In guda ɗaya ne ya ƙi, datti ne, sifirit zai gyara. In jere guda ne suka mutu tare, layi ne ya yanke a siririyar wayar nan ko bakinta.

Katirij doka ɗaya gare shi, ba'a sakawa ba'a cirewa sai injin yana kashe. Ka goge haƙoransa da sifirit da auduga, ban da hura masa iska da baki. In ka yi sa'a ka samu katirij ɗin Al Alamiah na asali, irin na koyon Larabci da lissafi ko manhajar Alƙur'ani da suka fitar, ka adana su da kwalinsu da littafinsu, wani lokacin sun fi injin wahalar samu, musamman da yake mamayar Kuwait a 1990 ta sa kamfanin ya koma Alƙahira kuma daga baya ya bar harkar MSX ya koma manhajojin Larabci na PC. In babu katirij akwai hanyar kaset, bakinsa zagaye ne mai fil takwas, kuma ba sai ka nemo rediyo mai kaset ba, ana kunna sautin daga waya ko laftof, ka rubuta BLOAD"CAS:",R ko CLOAD gwargwadon irin fayil ɗin, ka ƙure sauti, ka kashe duk wani abin gyaran murya. Wayoyi da yawa sautinsu baya kaiwa, sai an bi ta ƙaramin amfilifaya. Mai son sauƙi akwai katirij na zamani masu ɗaukar katin SD ko CF irin Carnivore2 da MegaFlashROM, sai dai kuɗinsu ya kan fi abin da ka sayi injin. Masu fulofi kuma, bel ɗin roba na wasu injinan narkewa yake ya zama kamar kwalta, a kankare a sa sabo, faifan kuma 720K ne. Hannun wasa na Sega bakinsa zai shiga tsaf amma jerin wayoyinsa ba ɗaya bane da na MSX, sai da adafta.

Saura maganar launi. Robar da ta yi ja-ja ana iya mayar da ita fari da haidurojin feroksaid da hasken rana, rana kuwa muna da ita har ta yi yawa, kuma yawan nata ne matsalar, don in abin ya bushe a jikin robar sai ta yi dabbare-dabbare wanda baya gyaruwa, ga shi bayan wasu shekaru jan yakan dawo. Ni dai bana yi wa maɓallan Larabci wannan, in rubutunsu ya koɗe babu shagon da zaka je ka sayo wasu. Sabulu da tsumma sun wadatar. In ka gama ka ajiye ta nesa da rana da laimar damina, a rufe da ƙyalle ba leda ba, ka dinga kunna ta lokaci-lokaci ko na rabin awa ne.