Yadda ake haɗa ɗan shagon filasta na layin dogon wasa har a yi masa fenti

Ranar da na buɗe kwalin nawa na farko bango huɗu kawai na tarar an naɗe kowanne a leda, sai 'yar jakar tagogi da ƙofofi na roba, da takardar alamomin talla, da wani ɗan kwali na rufi, shi ke nan fa. Shagon jan bulo ne mai hawa biyu irin na tsofaffin garuruwan Amurka, a ma'aunin HO wato ɗaya bisa 87, inda mutum mai tsawon mita 1.75 yake komawa kamar milimita 20. Kayan Ingila kuwa yawanci OO ne, ɗaya bisa 76, faɗin dogonsu ɗaya da na HO, milimita 16.5, amma ginin ya ɗan fi girma, don haka ka duba jikin kwalin kafin ka biya kuɗi.

Filastar nan 'yar'uwar POP ɗin da ake mana silin da shi ce, asalinsu ɗaya, sai dai masu zuba irin waɗannan bangaye a Amurka sun fi amfani da wadda ake kira Hydrocal saboda ta fi ƙarfi. Abin da ya sa mutum zai bar na roba mai sauƙi ya zo yana fama da wannan shi ne yadda take fito da komai, bulon da ya gutsure, tsagar bango, wajen da shafe ya ɓare, duk za ka gansu. Kuma tana shan ruwa kamar ƙasar rani, wanda shi ne daɗinta kuma shi ne fitinarta, ka riƙe wannan don duk aikin a kansa yake tafiya.

Kar ka taɓa gam tukuna. Samo gilashi ko wani abu mai shimfiɗa sosai ka manna masa samfefa, sai ka kama bangon da hannu biyu ka riƙa goga gefensa a hankali kana zagayawa, ba wai ka riƙe samfefar a hannu kana goga bango ba, in ka yi haka gefen zai yi doro kuma kusurwa ba za ta taɓa haɗuwa ba. Goga kaɗan, jera bangayen a tsaye, sa sukwaya ka duba, sake gogawa. Ramukan taga ma ka gwada kowace taga a raminta yanzu, inda ta ƙi shiga ka ɗan bi da ƙaramin magagari. Garin filasta fari ne fes kuma ba inda ba ya shiga, sa takunkumi, kuma don Allah kar ka wanke shi cikin magudanar ruwan gida, yana daskarewa. In ka gama ka share bangon da tsohon buroshin haƙori busasshe.

A nan ne ni na yi ɓarna. Bangon gaba, wanda ya fi kowanne rami saboda babbar tagar kanti, na danna shi da yatsa a tsakiya sai ji na yi ƙas, ya rabe biyu. Na zauna ina kallonsa kamar in yi kuka wallahi. Ashe ba wani abu ba ne, filasta in ta karye bakinta yana komawa daidai, na shafa farin gam na kafintoci siriri, na kwantar da shi a kan gilashin na matsa, na manna ɗan katako ta baya, yanzu tsagar nan ita ce abin da mutane suka fi yabawa, wai ta yi kamar ta gaske.

Wajen haɗa bangaye farin gam yana yi amma yana jan lokaci, gam mai ruwa biyu da ake cakuɗawa wanda ke kamawa cikin minti biyar ya fi sauri. Ko wanne ka ɗauka, ta ciki za ka sa, da tsinken sakace, domin duk inda gam ya taɓa fuskar bulo ya toshe wajen, fenti ba zai shiga ba, sai ka ga tabo yana ƙyalli har abada. Haɗa bango biyu su zama kusurwa, bari su bushe, haɗa ɗaya biyun, sannan ka gama su wuri ɗaya, kowace kusurwa ka tokare ta da ɗan katako ta ciki. In wata 'yar kafa ta rage a kusurwa ka jiƙa wajen tukuna, ka cike da POP mai ruwa-ruwa, ya bushe ka ja layin bulon da bakin allura.

Fenti kuma mutane sun rabu biyu. Wasu suna zuba launi kai tsaye a kan ɗanyar filasta tana tsotsewa kamar rini, yana kyau matuƙa, amma in ka yi kuskure ya zauna ke nan, ba gogewa. Ni dai ga sabon hannu shawarata ka fesa fentin share fage na gwangwani, fari ko ruwan toka mara ƙyalli, feshi biyu marasa kauri daga nesa, ka bar shi ya kwana. In ka cika shi zai cike layin bulon, asarar kuɗinka ke nan.

Sai launin bulo, da fentin akirilik wanda ake sirkawa da ruwa. Kar ka ɗauki ja zalla, shagon zai fito kamar tumatir, ka haɗa ja da ruwan ƙasa da ɗigon fenti mai launin ruwan lemo, ka sirka sosai ka shafa sau biyu ko uku maimakon sau ɗaya mai kauri. Bayan ya bushe ɗauki ƙaramin burushi ka zaɓi bulo nan da can, wannan ka ɗan duhunta shi, wancan ka haskaka, ba tsari, yadda idonka ya ba ka. Je ka kalli kowane tsohon ginin bulo da kyau, ba bulo biyu masu launi ɗaya. Simintin tsakanin bulo kuma fari ne da ɗan ruwan toka a ruwa mai yawa, kamar tsararon koko, ka kwantar da ginin ka shafa ya gangara cikin layukan, kafin ya bushe ka share saman da tsumma mai ɗan danshi. In ya yi fari da yawa ka bi shi da baƙi-baƙin ruwa ya kwantar da shi.

Tagogi da ƙofofi a waje ake musu fenti kafin a saka su. Ledar da za ta zama gilashi kar ka kusance ta da sufa gulu, tururinsa yana sa ta yi hazo, farin gam kaɗan ya isa. Ta ciki ka sa baƙin kwali a tsaye don kar a leƙa ta gaba a hango bayan gida wayam.

Alamar talla kuwa ka yanke ta ka kifa ta, ka goge bayanta da samfefa mai laushi har takardar ta yi shara-shara, ka shafa farin gam ka ɗora a bango ka riƙa dannawa da farce tana shiga layin bulo, sai ta koma kamar da fenti aka rubuta ta shekara hamsin da suka wuce. Rufin ka lulluɓe kwalin da yankakkiyar baƙar takarda, kowane yanki yana hawa kan na ƙasansa.

Tsufar da ginin shi ne na ƙarshe, kuma nan hannu ke zarcewa. Kankare allin zane baƙi da ruwan ƙasa ya zama gari, ka ja shi da busasshen burushi daga ƙasan taga zuwa ƙasa, hanyar da ruwan sama zai bi, gindin bango ka ba shi launin ƙasa, saman da ke fuskantar dogo kuma ɗan baƙi idan jiragenka masu gawayi ne. Yi kaɗan, ja baya taku uku ka duba, don daga nan za a riƙa kallonsa. Ni nawa da hunturu ya shigo na manta ban rufe teburin ba, ƙurar kwana uku ta hau rufin, na ɗauko burushi zan share na tsaya na ƙare masa kallo, sai na mayar da burushin na bar ta a wajen.