Yadda zaka gano inda sunan tsuntsu ya samo asali

Abu na farko dai ka rufe baki ka buɗe kunne. Da yawa daga cikin tsuntsayenmu su suka raɗa wa kansu suna da kukansu. Tsaya kusa da agwagwa in tana wanka a kwata kaji me take cewa, gwa gwa gwa ne kawai, haka hankaka in ya sauka kan bola yana haaa kaaa. To in kukan ya yi daidai da sunan ka gama rabin aiki.

Amma kar kayi saurin cewa Hausa ce tsantsa. Talo-talo ma kukansa ne, sai dai Yarbawa na ce masa tolotolo, kuma tsuntsun kansa baƙo ne, asalinsa ƙasar Meziko, ta bakin teku ya shigo ya hauro arewa da sunansa a wuya.

Sai ka duba farkon kalmar, nan ne wajen da nafi jin daɗi wallahi. In kaga "al" to ka fara zargin Larabci, kamar alkalami da albasa. Ɗauki alhudahuda, wannan mai tukku a ka da dogon baki siriri da yake caccakar ƙasa yana neman tsutsa. Larabawa hudhud suke ce masa, su ma daga kukansa hud hud suka ɗauko, mu kuma muka kwaso har da "al" ɗin gaba ɗaya muka ƙara wasula don bakinmu baya son kalma ta ƙare a baƙi. Yana cikin Suratun Namli aya ta 20, shi ya kawo wa Annabi Sulaiman labarin sarauniyar Saba, ina ganin shiyasa ake masa kirari da malamin tsuntsaye.

Harafin ɗ ma alama ce. Ɗawisu daga ɗawus ne na Larabci, irin yadda ɗalibi da ɗabi'a suka shigo.

In duk wannan bai yi ba koma kan halinsa. Tsuntsun nan ragon maza baya son tashi sama, ɗan firr daga wannan kurmi zuwa wancan ya sake ɓuya, sunan ya fassara kansa.

Wanda ya gagare ka kuma, irin su shamuwa da balbela, kar ka zauna kana ƙirƙira a waya. Nemi tsohon maharbi ko masu sayar da tsuntsaye ranar kasuwa, ka tambayi mutum biyu uku daga gari daban daban, don abinda wani ke kira fakara wani makwarwa zai ce maka.