Motarka na gurnani a hanya? Kada ka sayi komai tukuna

Wata uku na yi ina fama da wata ƙara a motata, wani gurnani mai tasowa daga ƙasa, wuu-wuu-wuu, da zarar na wuce gudun kilomita 60. A cikin gari shiru kake ji. Sai na hau doguwar hanya take farawa, tun ina ƙure rediyo don in danne ta har abin ya ishe ni. Bakaniken da na fara kai wa ko zagaye ɗaya bai yi da motar ba. Tsugunawa ya yi ya girgiza tayar gaba, ya ɗago ya ce, "Oga, boris ne." Aka canja boris ɗin gaba na dama, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa. Ban yi nisa da garejin ba gurnanin ya dawo, kamar ba a taɓa komai ba.

Ban ga laifinsa sosai ba, don ni ma hannu na nuna masa na ce daga gaban nan take fitowa. Jikin mota ƙarfe ne, ƙara na bin sa ta ɓulla inda ba a can aka haife ta ba, kuma kunnen direba kullum gaba yake zargi. Tun daga lokacin na daina tambayar daga ina ƙara take fitowa. Abin da nake fara tambaya shi ne: me take bi?

Ƙarar mota ɗayan abu uku take bi: juyin inji, juyin tayoyi, ko iska. Raba su ba wuya. Ka tsaya wuri ɗaya, giya a firi, ka taka totur a hankali. In ƙarar ta fito motar na tsaye, to ba ruwan tayoyi, ka nufi inji, bel, ko salansa. Akwai wani siririn faranti da ke kare jikin mota daga zafin salansa, in notinsa ya ci tsatsa ya sake, sai ya riƙa karkarwa kamar gwangwani a wani juyi na inji. In kuwa shiru ka ji, ka sami miƙaƙƙiyar hanya wadda ba cunkoso, ka kai gudun da ƙarar ke fitowa, ka mayar da giya firi na 'yan daƙiƙu. Kada ka kashe inji, don sitiyari da birki za su yi maka nauyi. Juyin inji zai sauka, motar kuma tana nan da gudunta. Ƙarar ta ci gaba yadda take? To, tana tare da abin da ke juyawa da taya, ko kuma iska ce.

Kafin ka ci gaba, ɗauki sifana ka bi notukan tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ne. Notin da ya kwance yana yin ƙwas-ƙwas ko ya sa motar rawa, kuma shi ne abin da zai iya raba ka da taya kana cikin gudu. Ka auna iskar tayoyin da safe kafin su yi zafi, ka kwashe tarkacen da ke cikin but, jak da safaya ma ka tabbatar a ɗaure suke.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin taya da boris, domin kukansu kusan iri ɗaya ne, kuma dukkansu suna ƙaruwa da gudu. Hanya uku nake bi in raba su.

Ta farko, ka saurari abin da ke faruwa in fuskar hanya ta canja. Daga tsohuwar kwalta mai kaushi ka hau sabuwa mai santsi: ƙarar taya za ta canja nan take, ta ragu ko ta sauya murya. Boris bai san kwalta ba. Gurnaninsa ɗaya ne ko a ina, gudu yake bi.

Ta biyu ita ce karkata motar. A hanyar da ba kowa, kana gudun 50 zuwa 60, ka ɗan murza sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali kamar mai kauce wa rami. In ka murza hagu nauyin motar na komawa ɓangaren dama, in ka murza dama ya koma hagu. Boris ɗin da ya lalace yana ƙara kuka in aka ɗora masa nauyi, ya yi sauƙi in aka ɗauke. Saboda haka ƙarar da ke tashi in ka karkata hagu, galibi boris ɗin dama ne. Na ce galibi, don boris ɗin motocin yanzu layi biyu na ƙwallaye gare shi, wani lokaci yakan yaudari mutum a kan ɓangaren. Amma ko ya ruɗe ka a kan hagu da dama, canjin ƙarar babbar alama ce cewa boris ne. Tawa ko gezau ba ta yi ba, hagu da dama duk ɗaya. Da na yi wannan gwajin tun farko da ban sayi boris ba.

Ta uku tafin hannunka ne. Motar na tsaye, an ja birkin hannu, ka shafa saman kowace taya zagaye, gaba da baya, har da gefen ciki wanda ido ba ya gani. Lafiyayyar taya sumul take. In ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, kamar an bi ta da cokali ana kwarfa, to tayar ta daɗe tana tsalle a kan hanya, kuma yawanci shok ne ya mutu. In kuwa ka shafa ta wani gefe ka ji santsi, ka juyo ka ji kaifi kamar haƙoran zarto, alayimen ne ya kauce. Da na zura hannu bayan tayata ta baya ta hagu, sai ga ramuka a jere a gefen ciki, daga waje kuwa kamar sabuwa. Na leƙa shok ɗin da tocila, jikinsa duk mai ya zubo ƙura ta manne.

Tun da kana tsugune, duba lambar da ke jikin tayar bayan haruffan DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe mako da shekarar da aka yi ta ne: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba na taurarewa in ta tsufa, tsohuwar taya kan yi ƙara ko da zanenta bai cinye ba. Zanen kuma in ya sauka ya yi daidai da 'yan tudun da ke cikin kwarinsa, ya kai milimita 1.6, tayar ta gama aiki. Kumburi a jikinta ko motar ta riƙa ɗingishi a ƙaramin gudu alama ce wayoyin ciki sun rabu. Wannan ba a lallaɓa ta, cirewa ake yi.

In har yanzu kana kokwanto, ɗaga motar. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne, ka sa matokari a ƙarƙashi. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, bai kamata ka ji wasa ba. Sai dai boris na iya yin kuka watanni ba tare da ya yi wasa ba, shi ya sa girgizawa kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ya fi min aiki shi ne in dafa sifirin ɗin da hannu ɗaya in juya tayar da ɗayan. Boris mai lafiya ba ka jin komai. Wanda ya lalace za ka ji gurzarsa a yatsunka kamar yashi ya shiga.

Sauran ƙararrakin sun fi saurin tona kansu. Ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗe sitiyari gaba ɗaya kana shan kwana da totur, shaf ne, wato ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa taya, ka leƙa za ka ga robarsa ta yage giris ya fantsama a cikin wili. Ƙara mai tsini kamar ƙarfe na kartar ƙarfe, wadda ke canjawa in ka taɓa birki, takalmin birki ne ya cinye, ko tsakuwa ta maƙale, ko farantin bayan faifan birki ya lanƙwashe. Kuka mai zuwa in ka taka totur ya ɗauke in ka saki, ka nufi giyabos ko aksul ɗin baya, ka fara da duba mansu. Rawar sitiyari a wajen gudun 90 zuwa 110 yawanci balansin taya ne. Tak-tak mai bin juyin taya kuwa dutse ne ko ƙusa a cikin zane. Taya mai lamba 205/55 R16 kewayenta kusan mita 2 ne, a gudun kilomita 20 tana juyawa kusan sau 3 a daƙiƙa, kana iya ƙirgawa da kunne.

Iska ita ce mai fito, kuma sai gudu ya yi yawa. Ka sa takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja: in ta zare ba turjiya, robar ƙofar ta saki. Wurin da kake zargi ka liƙe shi da salatif daga waje ka sake gwadawa. Kariyar ɗora kaya ta saman mota da robar ƙarƙashin inji da ta ɓalle su ma suna cikin masu laifi.

Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a lokaci guda, kuma a hanya ɗaya, da gudu ɗaya, rediyo da fanka a kashe. In da hali ka sa wani ya tuƙa, kai ka zauna a kujerar baya ka koma wannan gefe ka koma wancan. Ni gwajin da ya yanke min hukunci ko sisi bai ci ba: na mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya, kowace a ɓangarenta, don wasu tayoyin suna da kibiya a jiki mai nuna inda za su juya. Ina hawa hanya gurnanin ya taso daga ƙarƙashin ƙafata ta hagu, har ina jin sa a sitiyari. Na canja shok biyun baya tare, don ba a canja ɗaya a bar ɗaya, na sa sababbin tayoyi biyu, aka yi alayimen. Tsohon boris ɗin da aka cire yana nan a cikin but, in na juya shi da yatsa ko ƙis ba ya yi.